Yadda muka jawo intanet garinmu ta kan tankin ruwa

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira 200, 500 da 1000 ya sa kuɗi suka yi ɓatan dabo a hannun jama'a, ina da ɗan shagon cajin waya da POS a bakin kasuwar garinmu. Wata Laraba, ranar da kasuwa ke ci, wani dattijo ya sayar da ragonsa. Mai saye ba shi da tsabar kuɗi, ya ce zai tura ta waya. Manhajar banki ta yi ta juyawa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Tun hantsi suke tsaye a ƙofar shagona, igiyar ragon tana hannun su biyun, kowa ya ƙi saki. Daga ƙarshe ƙanena ya karɓi wayar ya hau rufin makarantar firamare, don can ne kaɗai sabis ke ɗan tsayawa, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata. Sai bayan la'asar kuɗin suka tafi. Dattijon ya koma ƙauyensu bai sayi hatsin da ya zo saye ba, kasuwa ta riga ta watse. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Garinmu ƙaramin gari ne a Jigawa, kilomita 14 daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Ƙarfen sabis mafi kusa da mu yana can, mu ɗan abin da ya rage ne ke iso mana. Kira yana shiga idan an yi haƙuri, data kuwa sai tsakar dare. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya tun 2001, amma bayan shekara ashirin da ɗoriya yaranmu sai sun hau babur sun biya kuɗin zuwa da dawowa kafin su duba sakamakon jarrabawa. JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma na san yaran da ranar jarrabawar ce ranar da suka fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Ma'aikaciyar asibitinmu takan tara rahoton rigakafi na mako guda, ta tafi da shi hedikwata ta tura.

Na yi difloma a fannin kwamfuta, amma ban taɓa haɗa hanyar sadarwa da hannuna ba. Wanda ya buɗe mini ido wani abokin karatuna ne da ke Kano, yana saka wa otal-otal da makarantu waifai. Shi ya ba ni labarin gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda tun wajejen 2007 ta kafa dogon ƙarfe tana raba intanet ta iska ga makarantu da asibitocin da ke kewaye da ita, ta sa wa abin suna Zittnet. Ya ce ko a Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana koyar da matasa irin wannan aiki, tana kuma kiran a ba al'umma dama su kafa tasu hanyar. Na ce masa ai su suna da masu tallafa musu. Ya ce kayan da suka saya da tsada a wancan zamani yanzu ana samunsu a titin Beirut, abin da kawai zan nema shi ne wuri mai tsawo da mutanen da za su riƙe amana.

Da ƙaramar Sallah ta zo, 'yan garinmu da ke Kano, Abuja, Legas da Fatakwal suka dawo gida, aka yi taron ƙungiyar ci gaban gari kamar yadda aka saba. Na miƙe na yi bayani, bakina yana rawa. Wasu suka ce a bari gwamnati ta kawo, wasu suka ce a rubuta wa kamfanonin waya su kafa mana ƙarfe. Wani yayanmu da ke sayar da gwari a Legas ya ce shi dai ya gaji da kiran mahaifiyarsa magana tana tsinkewa, ya ajiye nasa kason a gaban kowa. Ƙungiyar matan gari, masu adashi, suka aiko cewa za su ba da kwasar wata biyu. Da aka haɗa, kuɗin mata ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara.

Tambaya ta farko ita ce daga ina intanet ɗin zai fito, don waifai ba ya haifar da intanet, rabawa kawai yake yi, kamar famfo da ruwa. Hanya uku muka auna. Ta farko, a sa layin waya a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, a ɗaga shi sama. Wannan sayen data ne a farashin kasuwa a sake sayarwa, babu inda araha za ta fito. Ta biyu tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma matasan ƙungiya shi suke so, sai dai rajistar gida da za mu iya biya ba a yarda a sake sayar da ita ga jama'a ba, ni kuma ban so mu gina abin gari a kan abin da za a iya yanke mana rana ɗaya. Ta uku, akwai wani ƙaramin kamfani mai lasisin hukumar sadarwa ta NCC da ya kawo wayar faiba hedikwata saboda bankin da ke can da ofisoshi. Jawo wayar har garinmu ba abin tunani ba ne: ko a kan naira 145 ɗin da aka amince a matsayin kuɗin izinin haƙa kowace mita, kilomita 14 ya haura naira miliyan 2, ba a sayi waya ba, ba a biya masu haƙa ba. Amma idan aka sa faranti ɗaya a kan ƙarfensu, ɗaya a garinmu, suna kallon juna, saƙo zai tsallako ta iska. Sayar da intanet a Najeriya sai da lasisi, don haka muka yi yarjejeniya a rubuce cewa mu wakilansu ne: su ba mu intanet mai saurin megabit 30, mu biya duk wata, mu raba a ƙarƙashin lasisinsu.

Muna cikin wannan lissafi aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Tsarinmu na farko da janareta ne, sai muka yage takardar. Wutar gwamnati kuwa falwayoyin suna nan tsaye a garin, amma an fi shekara ba a ga ƙyallinta ba. Ya zama dole sola.

Wuri mafi tsawo a garinmu tankin ruwa ne, wanda ke kan ƙafafun ƙarfe, tsawonsa wajen mita 12. Ba a taɓa shi sai da izinin Dagaci da kwamitin ruwa. Muka je fada da safe, muka zube muka yi gaisuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma muka zo nema, a ba mu aron kan tanki mu ɗora wani faranti."

Ya ce, "Farantin me? Ruwan da jikokina ke sha za ku ɗora wa na'ura?"

Shugaban kwamitin ruwa ya ce ya ji ana cewa irin waɗannan abubuwa suna hana haihuwa. Ban yi masa dariya ba, don tsoron gaskiya ne a fuskarsa. Na fito da farantin da abokina ya ara mini daga buhu, na miƙa masa ya riƙe. Na ce, "Baba, wutar da wannan ke ci ba ta kai ta ƙwan fitila biyu ba, kuma ba ya taɓa ruwa, bayansa zai juya wa tankin. Wayar da ke aljihunka ta fi shi kusa da jikinka." Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ashe ma roba ce da ɗan ƙarfe. Dagaci ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: kada a huda tanki, kuma asibiti da makaranta su sha kyauta.

Liman damuwarsa daban. Ya ce, "Ku kun ga alherin, ni kuma ina ganin abin da zai shigo ɗakin yara da daddare." Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai matatar da za mu sa ta tare shafukan batsa da na caca, amma ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta tare komai." Ya ce ya fi son wannan amsa da a ce masa an toshe duka. Muka tsaya a kan cewa tikitin ɗalibai, wato lambar da za su riƙa saye su shiga intanet da ita, zai riƙa mutuwa ƙarfe goma na dare.

A watan Agusta, damina ta yi tsaka, muka yi gwajin gani. Irin wannan faranti yana aiki ne a zangon gigahaz 5, kuma dole ɗaya ya hangi ɗaya, babu tudu, babu gini, babu itace a tsakani. Ƙanena ya tafi hedikwata da madubin ɗakin amaryarsa, ma'aikacin kamfani ya hau da shi kan ƙarfensu. Ni kuma na hau tanki, ƙafafuna suna karkarwa, na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ƙasa duk ta yi kore shar, gero ya fara fitar da kai. Ya kira ni: "Yaya, ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Ya yi ta karkata madubin yana bin rana. Can sai wani haske ya ƙyasta a gindin sama, kamar an ƙyasta ashana, ya ɓace, ya sake dawowa. Na yi kabbara da ƙarfi har matan da ke ɗibar ruwa a ƙasa suka ɗaga kai.

Da na kira abokina ina murna, ya ce in dakata. Ya ce saƙon rediyo ba kamar zare yake tafiya ba, kamar gora yake, bakinsa siriri a kowane gefe, cikinsa ya buɗe a tsakiya. A nisan kilomita 14, buɗewar tana kaiwa mita 13 daga tsakiyar layin zuwa kowane gefe, kuma ana so aƙalla mita 8 daga ciki su kasance babu abin da ya shiga. Ga kuma doron ƙasa da ke cinye kusan mita 3 a tsakiyar hanya. Na ji shi da kunne ɗaya. A raina na ce ai gani ya kori ji, na ga hasken madubi da idona.

Sayen kaya ya ci mini kwana huɗu a Kano. Tun watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750 a banki, 'yan kasuwa kuma farashin safe daban, na yamma daban. Na sayi faranti biyu na Ubiquiti, eriya uku masu watsa waifai, kowace ta fuskanci kusurwa ɗaya ta gari, da rauta ta MikroTik wadda za ta riƙa fitar da lambobin tikiti. A Sabon Gari na sayi faifan sola 4 masu wat 300 da batir biyu masu amfiya 200. Lissafin mai sauƙi ne: kayan duka suna cin wajen wat 70, a yini da kwana kilowat-awa ɗaya da rabi da ɗoriya. Mai gyaran solar garinmu ya ba da shawarar kada mu sa inbata, a ciyar da kayan kai tsaye daga batir, don inbata kanta tana cin nata rabon. Shawarar nan ta yi mana rana. Inda aka cuce ni shi ne wayar sadarwa. Wani mai shago ya ba ni kwali guda da araha, ya rantse jan ƙarfe ce zalla. Da muka zo ɗaurawa faranti ya yi ta mutuwa yana tashi. Mai sola ya feƙe wayar da wuƙa, sai ga farin alminiyam a ciki, jan fenti ne kawai a sama. Araha ba ta ado. Sai da aka sake aikawa Kano.

Ranar ɗauri, cikin Oktoba, aikin gayya aka yi. Mai walda ya haɗa mariƙi a jikin ƙafar tanki ba tare da ya taɓa tankin ba. Matasa suka gina ɗan ɗaki na bulo a gindi don batir da rauta. Daidaita faranti shi ya fi cin rai. Ina ƙasa da kwamfuta a cinya ina kallon lambar ƙarfin saƙo, ƙanena yana sama da sifana. "Ƙara hagu kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Ɗaga baki kamar faɗin yatsa." Lambar tana tashi daga 80 tana saukowa, a wannan ma'auni kuwa ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Da ta tsaya a 58 na ce ya ɗaure, kada ya ko yi numfashi. Na buɗe shafi, ya buɗe nan take.

Daren farko kyauta muka bari, kuma daren ne muka fara shan kunya. Mutum ya fi ɗari a gindin tanki, amma ba wanda ya iya buɗe komai. Ashe wayoyin da suka yi shekaru ba su ga intanet mai ƙarfi ba duk sun kama sabunta kansu lokaci guda, suna kwashe hotuna suna turawa ajiya, suka shanye megabit 30 ɗin tas. Wani ya ce, "To ina bambancinsa da na da?" Na kwana ina waya da abokina yana koya mini yadda ake yanka wa kowa rabonsa. Muka sa kowane tikiti kada ya wuce megabit 2, muka ware wa asibiti da masu POS nasu layin da ba mai taɓawa. Washegari mahaifiyar yayan nan namu na Legas ta ga fuskar jikanta a waya, ta yi ta shafa gilashin da yatsa.

Muka sa tikitin yini naira 100, na mako 500, na ɗalibai rabin haka. Ana buga lambobin a takarda a yayyanka, masu shayi da mai kemis suna sayarwa, a ba su goma a cikin ɗari.

Wata guda komai lafiya. Shigowar hunturu sai saƙo ya fara rauni. Lambar nan 58 ta koma 66, ta koma 74, bidiyo ya fara tsayawa, masu tikitin mako suka fara zuwa shagona da fuska a murtuke. Kowa ya ce hazo ne. Ni ma haka na zata, har abokina ya ce ƙura ba ta yi wa wannan zango wani abin kirki, faifan sola take cuta, in je in bi layin da ƙafata. Muka hau babur ni da ƙanena, taswira a waya, muna ratsa gonakin da aka girbe. Wajen rabin hanya, a kan wani tudun rairayi, sai ga wani ƙaton gawo ya yi lif da ganye, kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Na tsaya ina kallonsa, jikina ya yi sanyi. Ni ɗan manomi ne, na san halin gawo tun ina yaro: itace ne da ke zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Ranar da muka yi gwajin madubi tsirara yake, hasken ya bi ta saman rassansa ya wuce. Yanzu ya cika, ya shiga cikin gorar nan da aka gargaɗe ni a kanta.

Mai gonar tsoho ne, muka same shi yana tattara kara. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ko za a yarda mu rage wa gawon nan kai? Za mu biya."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga inda geron gonar nan ya fi yin kyau? Gindinsa ne. Ganyen da yake zubarwa shi ne takina. 'Ya'yansa su ne abincin awakina idan ciyawa ta ƙare. Kakana ya tarar da shi. Wayarku ce za ta ba ni taki?"

Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Gaskiyar tsohon ce. Muka yi masa ban-gajiya muka juyo. Abin da ya rage shi ne mu ƙara tsawo. Mai walda ya ce ba zai ɗora dogon bututu a kan tanki haka kawai ba, iskar farkon damina za ta karya shi, ta yiwu ta ja tankin ma. Na tuna abokina ya ce ko a Kafanchan guguwa ta taɓa kayar musu da dogon ƙarfensu. Sai aka ƙara bututu mai mita 6, aka ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe huɗu zuwa turaku na siminti a ƙasa, kamfani ma ya ɗaga nasa farantin. Lamba ta dawo 60. Kuɗin da muka ware don ko-ta-kwana a nan ya tafi.

Ba a daɗe ba shugabar ƙungiyar mata ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure, mata huɗu a bayanta. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Kai ɗan nan, kuɗin adashinmu ka kai wa 'yan majalisa?"

Na ce, "Hajiya, wane irin 'yan majalisa?"

Ta ce, "Masu zaman gindin tanki da teburin mai shayi. Su ke shan abin. Mu da ke cikin gida ko ɗigo ba ya shigo mana. Ko so kake matan aure su fito su zauna a gindin tanki?"

Ban da amsa, don ban taɓa shiga tsakar gidan wani na gwada ba. Duk gwajin da na yi a kan titi na yi shi, inda maza ke zama. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna shanye waifai, ga soraye, ga lunguna. Eriyar kan tanki tana iya jefa saƙo nesa, amma ƙaramar wayar da ke cikin ɗaki ba ta da ƙarfin mayar da amsa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo a duk aikin, ya fi na gawo, don gawo mantuwa ce, wannan kuwa rashin tunawa ne da mutanen da suka ba da kuɗinsu. Muka sayi ƙananan na'urori huɗu masu karɓa daga tanki su sake watsawa, kowace da ɗan faifan solarta, muka kafa su a kan sanduna a cikin gidaje huɗu na unguwanni huɗu. Hajiya da kanta ta zaɓi gidajen. Ta kuma ce mata su riƙa sayar wa mata tikiti a cikin gida. Kafin azumi cinikin tikitin unguwanni ya wuce na bakin kasuwa. Masu turaren wuta, masu ɗinkin hula da masu ƙuli-ƙuli suna ɗora kayansu a WhatsApp, 'yan uwa na birni suna aiko da oda, direbobin tasha suna kaiwa.

Sai kuma batir ya fara mutuwa ƙarfe uku na dare. Muka wanke faifan sola, muka duba ruwan batir, babu abin da ya canja. Wani dare na je ba sanarwa, na tarar da wayoyi goma sha ɗaya jere a ɗakin batir suna caji, da 'yar fanka tana juyawa a kan mai gadi. Ya sunkuyar da kai ya ce albashin da muke ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, ga zafin bazara. Wasu a kwamiti suka ce a kore shi. Ni na ga idan an kawo wani, shi ma zafin zai ji. Muka ƙara faifai ɗaya da ƙaramin batir nasa na kansa, aka sa wa ɗakin kayan kwaɗo, cajin da yake yi ya zama halaliyarsa.

Babbar jarrabawa ta zo da daminar 2024. Wani dare hadari ya haɗu daga gabas, aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon kowane ɗaki. Da safe na buɗe ɗakin kaya, ƙaurin ƙonewa ya buge ni. Rauta ta yi baƙi, faranti ya mutu, eriya ɗaya ta tafi. Mun ɗaga ƙarfe mafi tsawo a gari, amma aikin saukar da tsawa ƙasa mun yi ta cewa sai wata mai zuwa. Da na buɗe littafin kuɗi, abin da ke ciki bai kai rabin kuɗin rauta ba. Bashi ya cinye mu. Wannan ɗan baffa ne, wancan surukin shugaban kwamiti ne, wancan zai biya ranar kasuwa. Ni kaina na ba da tikiti kyauta ga waɗanda nake jin nauyinsu, ba zan ɓoye ba. Kwana 11 garin ba intanet, masu POS suka koma hawa rufin makaranta.

Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci da izinin Liman, na karanta littafin daga farko har ƙarshe: abin da ya shigo, abin da ya fita, jimlar bashin da ke waje, da nawa kason laifin. Ban kira sunan kowa ba. Kafin magariba mutane suna ta zuwa shago suna ajiye ɗari biyar, dubu ɗaya, wasu ba sa ko haɗa ido da ni. Mata suka sake ba da kwasa guda, amma Hajiya ta ce daga yau littafi biyu za a riƙa yi, ɗaya a hannunta. Tun daga ranar ake karanta lissafi a bainar jama'a Juma'ar farko ta kowane wata, ana cire kashi ɗaya cikin biyar a ajiye a asusun da sai mutum uku sun sa hannu, kuma babu tikitin bashi ko ga Dagaci, wanda shi da kansa ya fara aiko da kuɗin nasa. Muka haƙa rami a gindin tanki, muka kafa sandunan jan ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri, aka jawo waya mai kauri daga ƙololuwar bututu har ƙasa, aka sa makarin tsawa a kowace wayar da ta shiga ɗaki. Duk da haka, idan hadari ya yi baƙi sosai, mai gadi yana zare wayoyin har ya wuce.

A watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuɗin da muke biya duk wata shi ma ya tashi. An yi zazzafar muhawara a ƙungiya. Muka mayar da tikitin yini 150, na ɗalibai muka bar shi yadda yake. A ganina ƙungiya irin tamu ta cancanci ɗan ƙaramin lasisi nata na kanta, mai sauƙin kuɗi da sauƙin takarda, maimakon dole sai ta raɓu da wani. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma garuruwa irin namu ne wuraren. Yanzu muna kan yi wa ƙungiyar rajista da hukumar CAC don mu samu bakin nema.

Makarantar sakandare tana da tsofaffin kwamfutoci 6 da wani ɗan gari ya aiko, 'yan aji shida suna gwada tambayoyin JAMB a kansu kowace Asabar. Ma'aikaciyar asibiti tana tura rahotonta daga kan teburinta.

Makon jiya mutanen wani ƙauye da ke arewa da mu, kilomita 6, suka aiko wakilai wurin Dagaci, suna so a miƙa musu daga tankinmu. Dattijon nan mai rago yana cikinsu, shi bai gane ni ba. Sun so a fara tun da damina, na ce su bari sai gawo ya gama tofo. Jibi ƙanena zai tafi can da madubi, ni kuma in hau tanki.